Ragon Furoje da Allurar da Ban Faɗi Sunanta ba

Ku da kuke zuwa mini a kan babur da akwatin sanyi mai madauri, kuna cewa allurar dabbobi ba wani aiki ba ne, soka ka zare ka wuce, ku gyara zama. Shekarun da na yi ina bin shanu daga Filinge zuwa Sanam, daga Sanam zuwa dajin Abala, sun fi shekarun babbanku a duniya. Sukar ita ce mafi sauƙi a cikin aikin, jaki ma in an ɗaura masa sirinji a ƙafa zai soka. Sana'ar tana cikin abin da ake yi kafin a soka, kuma ni na san haka ne saboda na taɓa tsallake shi sau ɗaya.

Saniyar farko da na taɓa a wannan aiki ban yi mata allura ba, hancinta na riƙe. Maigidana Mushe Sanda (Mushe, wato Malam a bakin 'yan bokon Faransanci), wani dogon Bakurfaye mai rowar dariya, shi ya koya mini aiki, kuma wata uku cur bai bar ni na taɓa sirinji ba. Babban yatsa da manuni a cikin hanci, ɗaya hannun a gindin ƙaho, ka murɗe kan gefe, ka ajiye ƙafarka inda kofato ba zai same ta ba. Jar saniyar Bororo in ta ga baƙo ba ta neman sulhu. Farcen babban yatsana na hagu har yau bai koma daidai ba, ku duba. Kayan aikinmu kuwa sirinji ne na ƙarfe da gilashi, a kwance shi gunduwa-gunduwa a dafa a tukunya kowace safiya. Allura in ta dakushe ba a yar da ita, a dutse ake wasa ta. Akwai awartakin tsaga kunne, don a san wadda aka yi wa. Maganin yana cikin ƙananan kwalabe a tulun ƙanƙara, an naɗe tulun da jiƙaƙƙen buhu a bayan raƙumi. In ƙanƙarar ta narke, abin da ke cikin kwalba ya zama ruwan banza, kuma mai gaskiya juyawa yake yi gida, ba ya soka wa dabbar mutane ruwan banza don ya cika takarda.

Dokoki biyu Mushe Sanda ya kafa mini. Ta farko, kada ka ƙirga shanun mutum da baki, ko da yatsa, domin duk wanda ya taɓa ƙirga wa makiyayi shanu haraji ne ya biyo bayansa. Ta biyu, kada allura ta taɓa fata sai ka faɗa wa mai dabba abin da ke ciki. Yakan ɗaga kwalbar sama, ya karanta Faransancin da ke jikinta da ƙarfi, sannan ya juya shi da Hausa: wace cuta ce, wurin zai kumbura ko ba zai kumbura ba, kwana nawa nono zai ragu. Mutumin da ya ji bayanin sau goma ma sai an sake masa. Ni a lokacin gani nake ɓata rana ne kawai, ga ƙanƙara tana narkewa, ga tsoho yana wa'azi a gaban kwalba.

Da wannan wa'azin ya sami Ardo Buba. Ardo Buba shi ne babban makiyayan da ke sauka a gabashin Sanam, mutum ne gajere mai magana a hankali, wanda in ya kai shanunsa shingen allura kowa zai kai, in ya ƙi kuwa ko kaza ba za ka gani ba. Da Mushe Sanda ya yi ritaya, na gaji sirinjinsa na gaji Ardo. Duk shekara yakan tambaye ni abin da ke cikin kwalba, in faɗa masa, ya ɗaga sanda a buɗe shinge. Har ya kai yana tambaya yana kallon wani wuri, don ya san amsar da zai ji gaskiya ce.

Aikin da nake son ba ku labarinsa ya zo ne lokacin mulkin soja, a cikin farar mota sabuwa dal. A cikinta akwai wani ɗan ƙasa da ya daɗe yana karatu a Turai, kowa Dokta yake ce masa, Hausarsa ta yi tsatsa amma takardarsa tana da tambarin manya daga Yamai. Mu firijin ajiye maganinmu na kananzir ne, kuma kananzir ɗin sai a yi wata ba a aiko ba. Shi kuwa ya zo da janareta, da firiji biyu, da na'ura mai nuna abin da ke cikin ciki a kan allo. Furoje ne, wato aikin gwamnati na musamman mai kuɗinsa daban, kuma a wancan zamani in an ce furoje, ko komandan mai mulkin yankin sai ya gyara hula.

Kada ku ɗauka mugun mutum ne. Amosanin jini ne ya kashe ƙanwarsa tana ƙarama, abin bai bar shi ba. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani: a cikin jinin cibiyar jariri akwai wasu ƙwayoyi da ba su riga sun zaɓi abin da za su zama ba, kamar iri da ba a shuka ba. In an sa su a jikin ɗan tunkiya tun yana ciki, kafin jikinsa ya san baƙo, za su zauna su hayayyafa. Daga nan ake fatan a gane yadda za a gyara jinin yara tun kafin a haife su. Na ji bayanin ya shige ni, har yau ma ban ce ƙarya ba ne. Abin da yake nema a wurina shi ne tumaki masu cikin wata biyu, domin ni hannuna na iya gane watannin ciki, kuma ni ne makiyaya ke buɗe wa shinge.

Na tambaye shi me zan faɗa wa mai tumaki. Ya cire gilashinsa ya goge, ya ce in ce musu allurar ƙarin ƙarfi ce, in na tsaya bayani sai baɗi ba mu fara ba, ga shi kuɗin furoje shekara ɗaya aka ba su. A zuciyata na ce ai ba ƙarya ba ce sosai, tunda za a ba tumakin dusa da gishiri, kuma dusa tana ƙara ƙarfi. Mutum in yana son hawa farar mota, fatawa ba ta yi masa wuya.

Na sami Ardo a bakin rijiya. Muka gaisa, na faɗi buƙata, na ce gwamnati ce ke son aron tumaki shida masu ciki, za a yi musu wata allura a mayar masa da su da 'ya'yansu.

"Mi ac ciki, Hamidu?" Yana tambaya yana kallon guga.

"Ta ƙarhi ta, Ardo."

Ko kwalbar bai ce in nuna masa ba. Ya shiga garke da kansa ya zaɓo mini tumaki udoji shida, mafi kyau a ciki, wai kada gwamnati ta ce ya ba ta na banza.

Ku zo ku ga takarda. Kowace tunkiya an ɗauke ta hoto ta gaba da ta gefe, an auna ta, an ba ta lamba, an buɗe mata dosiye, wato fayil. Ardo ya dangwala yatsa a shafi uku a ƙarƙashin Faransancin da ba wanda ya karanta masa, wai shaidar ya yarda. Ni da na yi shekaru ina wa gwamnati bauta, dosiyena bai kai na tunkiya mai lamba huɗu kauri ba. Jinin kuwa daga wani ɗakin haihuwa aka ɗebo shi, ba zan faɗi garin ba. A can ba a buɗe wa kowa dosiye ba, ba a kuma tambayi kowa ba. Dokta ya ce ai mabiyiya, wato abin da ke biyo jariri da cibiyarsa, shara ce, a Turai ƙone ta ake yi. Ya daɗe a waje har ya manta cewa a nan ba a yar da ita. Tsofaffin mata ke wanke ta su binne a bayan ɗaki, kuma shi ya sa mutum ko ya tsufa a Kumasi yake cewa cibiyarsa tana Kurfai. An dai miƙa wa dangi abarsu kamar kullum, amma bayan an zuƙe ta da sirinji. Kakar jaririn da aka ɗebi nasa ta ce ba ta taɓa ganin mabiyiya fara fat haka ba, aka ce mata tsufa ne ya taɓa idonta.

Ranar allurar ni na kwantar da tumakin ɗaya bayan ɗaya. A aske cikin, a wanke, a shafa wani mai mai sanyi, Dokta yana goga na'ura yana kallon allo har ya ga ɗan abin yana motsi, bai fi ɗan yatsa ba. Sai ya ɗauki doguwar allura ya bi ta fatar ciki a hankali. Aikina shi ne kada tunkiya ta motsa ko kaɗan, gwiwata a kafaɗarta, hannuna a ƙafafun baya. Ba a taɓa riƙe tunkiya da kyau irin na ranar ba, wannan kam ba zan yi tawali'u a kai ba. Biyu suka yi ɓari, uku suka haifi 'ya'ya irin na kowa aka mayar wa Ardo, lamba huɗu kuwa ta haifi ɗan rago, gaba baƙi baya fari. Aka ɗebi jininsa aka sa a jirgi, amsa ta dawo cewa lallai akwai na mutum a ciki, ɗan kaɗan.

Aka yi biki. Komandan ya zo da kakinsa da ya sha guga, ya rungumi ɗan ragon aka ɗauki hoto, ragon yana taunar igiyar lambar yabonsa. Ya yi jawabi cewa ƙasarmu ta shiga sahun gaba, alhali a ranar ko kananzir babu a firijinmu. Sannan aka ba da labarin a rediyo, da Faransanci, da Hausa, da Zabarmanci, da Fillanci: an sami rago mai jinin ɗan Adam a ƙasar Kurfai. Gwamnati ta manta cewa kowane makiyayi yana da rediyo rataye a kafaɗa, kuma ya san inda tumakinsa suka kwana.

Ba Ardo ne ya fara zuwa ba, wata mata ce. Sunanta Mariyama, matar wani manomin hatsi, da jariri goye a baya mai suna Isa. Ta yi lissafinta ita kaɗai: satin da farar mota ta tsaya a ƙofar ɗakin haihuwa, ita ce kawai ta haihu, kuma uwar mijinta ta faɗi yadda ta ga mabiyiyar. Ta tsaya a bakin turke ta daɗe tana kallon ɗan ragon, sannan ta tambaye ni ko shi ne mai jinin ɗanta. Na taɓa ganin sunanta a littafin Dokta, don haka na ce shi ne.

Ta ce, "Malam, an ce an tambayi mai tunkiya har ya sa yatsa. Ni wa anka tambaya? Ko tunkiya ban kai ba?"

Na ce mata ni ma'aikacin kiwo ne, ɓangaren mutane ba nawa ba ne. Amsar ma'aikaci ke nan, kuma tun tana fita daga bakina na ji kunyarta. Ba ta yi faɗa ba. Ranar kasuwa ta gaba ta dawo da ƙwaryar dusa ta ajiye wa ragon, ta zauna har ya cinye. Haka ta riƙa yi duk ranar kasuwa.

Ana cikin haka soja suka koma bariki, farar hula suka hau. Sabuwar gwamnati ta ce duk abin da aka yi a baya sai an duba shi, aka tsayar da kuɗin furoje har sai komiten ɗa'a ya zauna ya faɗi ko aikin ya dace. Dokta ya tafi Yamai bin takarda, daga can ya wuce inda ya fito. Janareta aka ɗauka wai za a gyara, na kuwa ji ƙararsa daga baya a gidan wani babba, lafiyarsa ƙalau. Farar mota ta koma ɗaukar amare. Abin da ya rage na furoje shi ne ni da rago, har mutane suka sa masa suna Furoje.

Komite ya zo sau ɗaya, mutum huɗu a mota uku: wani farfesa, wani malami mai rawani, wani lauya, da wata hajiya da ba ta sauko ba sai da aka shimfiɗa mata tabarma saboda kashin awaki. Suka zagaye ragon daga nesa. Farfesa ya tambaye ni ko na lura yana nuna wani hali irin na mutane. Na ce yana son a yi masa hidima alhali bai tsinana komai ba, kuma yana tunkuyin mai ba shi abinci, amma ban sani ba ko daga jinin ne ko daga zamansa ma'aikacin gwamnati. Lauya ya rubuta. Na ce musu uwar yaron tana nan kusa in suna son jin ta bakinta, suka ce ba ta cikin tsarin ziyara. Da azahar aka kawo musu gasasshen rago. Malam ya kai hannu, sai ya tsaya, ya tambaya wane rago ne wannan. Kowa ya janye hannu. Aka aike ni da gudu in dubo, na dawo na ce Furoje yana turke yana tuƙa, sannan suka ci har ƙashi da kwanciyar hankali.

Hukuncinsu ya iso bayan wata biyu, shafi ɗaya: kada a yanka shi, kada a sayar, kada a bar shi ya hau tunkiya, kada kuma a bari ya mutu, har sai an sake zama. Ba a faɗi abin da zai ci ba. Na rubuta wa ofishin kiwo, suka ce tunda akwai jinin mutum a jikinsa, na ofishin lafiya ne. Na rubuta wa na lafiya, suka ce ba su da layin harawa a kasafinsu. Na je wurin limamin unguwarmu in ji ko ya halatta a yi layya da shi, ya ce a jira komite. Komite kuwa ya rubuto cewa yana jiran malamai. Ragon ya dawo gidana, yana cin harawar da na tara wa akuyoyin matata, ita kuma tana tambayata kullum yaushe za a fara biyan baƙon nata albashi. Wanda bai taɓa tsare ƙosasshen rago daga tumakin unguwa ba bai san wahala ba. Sai da na ɗinka masa bante na fata, yara suna bin sa suna dariya.

Duk wannan abin dariya ne, har shekarar ciwon huhu. Ku da ba ku taɓa ganinsa ba, ga alamarsa: saniya ta tsaya ita kaɗai, ta miƙa wuya, ta ware ƙafafun gaba, tana nishi gajere-gajere kamar mai ɗaukar kaya. In ka ga ɗaya haka, to akwai goma da ba su nuna ba tukuna. Abin haushi, a shekarar ce kaɗai komai ya zo a kan lokaci. Ga magani, ga ƙanƙara, ga man mota. Na je shingen allura na Sanam na zauna tun safe har la'asar, ko ɗan maraƙi bai zo ba. Na je na gaba, haka. Magana ta riga ta zagaye daji cewa allurar Hamidu jinin mutum take sa wa dabba, wanda ya sha nononta ya sha ɗan'uwansa. Makiyaya in sun hango ƙurar motata sai su kaɗa shanu arewa, su kai cutar inda ba ta kai ba.

Na tafi rugar Ardo. Ya karɓe ni kamar kullum, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo nono. Ina sha ina hango shanu uku a gindin wata adduwa, sun miƙa wuya. Na fito da kwalba na ɗaga ta sama kamar yadda Mushe Sanda yake yi, na karanta Faransancin, na juya da Hausa, na faɗi kumburi na faɗi raguwar nono. Ya saurara har ƙarshe, wannan karon idonsa a kaina.

Ya ce, "Na jiya. Waccan ma ka ce ta ƙarhi ta."

Na rantse masa. Ya ce ba ya musu, mai yiwuwa gaskiya nake faɗa, amma shi ba ya karatu, bakina ne karatunsa, kuma yanzu bai san ranar da bakin yake aiki da ranar da yake hutu ba. Ya raka ni har mota, ya sa aka saka mini ƙwaryar man shanu a baya. Na dawo da maganin duka, ƙanƙara ta narke a hanya, na zubar da shi a rami. A duk shekarun aikina ban ji baƙin ciki irin na wannan rana ba, domin na san abin da zai faru da garken nan, na kuma san wanda ya jawo.

Bayan sati uku, ranar kasuwar Filinge, na ga jakuna sun shigo da fatun shanu, lodi a kan lodi. Makiyayi ba ya kawo fatu haka sai in abin ya ci gida. Da yamma ina zaune a ƙofar gida, Mariyama tana ciki tana ba Furoje dusarsa, sai ga Ardo, ya rame, sandarsa a kafaɗa. Ya ce ya zo ne ya ga ragonsa, tunda bai taɓa ganinsa ba sai a rediyo.

Na shigar da shi. Ya ga rago da bante, ya ga mata da yaro yana rarrafe kusa da turke, ya dube ni. A nan na faɗi duka, a gaban su biyun: abin da ke cikin allurar, inda aka ɗebo shi, da cewa na sani tun kafin in je bakin rijiya, kuma ba Dokta ne ya yi masa ƙarya ba, ni ne, don shi bai san Dokta ba. Ardo ya wuce ni ya nufi turke. Ya durƙusa ya buɗe bakin ragon ya duba haƙora, ya shafa bayansa, ya ce an kula da shi. Sannan ya tambayi Mariyama me take so a yi.

Ta ce ba ta son a yanka shi, ba ta son a sayar wa wanda zai yanka. Abin da ke jikinsa na bayan ɗakinta ne, can aka binne sauran. Ya zauna a gidanta har Allah ya karɓi abinsa, a binne shi a wurin.

Ardo ya ce, "Uwatai tawa ta, amma abin da ac cikin jikinai naki na. Kwance shi ki tahi da shi, ɗiyata."

Ni da wautar ma'aikaci na ce akwai fa takardar komite. Ya tambaye ni ko komite ya taɓa kawo wa ragon dusa. Na ce a'a. Ya ce to. Abin da mutum huɗu a mota uku suka kasa, aka gama shi kafin ragon ya lashe ƙwarya. Mariyama ta goya ɗanta ta ja igiya, ta tsaya a ƙofa ta kwance banten ta miƙo mini, ta ce wannan na gwamnati ne.

Ardo ya kai zaure sannan ya juyo.

"Gobe ka taho da kwalaben. Amma hannunka ba shi ƙara soka ma bisata allura. Kai ka riƙe hanci, ni in soka."

Washegari na ɗebi sauran kwalaben da ke firiji na tafi rugarsa, na koya masa a kan buhun dusa: a kama fata a ɗaga, a shiga ta ƙarƙashi ba cikin nama ba, a danna har ƙarshe. Sannan na tuɓe riga na shiga shinge na kama hancin saniyar farko, kamar yaron da ya fara aiki jiya. Ban ƙirga waɗanda suka rage ba, ba a ƙirgawa, amma garken da a da yake cika fadama, inuwar gawo ɗaya ta ishe shi a ranar. Da sauran makiyaya suka ji Ardo ne ke riƙe da sirinji, suka fara dawowa. Wasu sun tsira da rabi, wasu sun zo da igiyoyi kawai.

Komite bai manta da mu ba, Allah ya saka masa. Soja suka sake dawowa, suka sake tafiya, sannan wata rana takarda ta iso: an yarda a ci gaba da bincike bisa sharuɗɗa, na farko a nemi yardar uwa da ta mai dabba bayan an yi musu cikakken bayani da harshensu, kuma a gabatar da ragon a Yamai cikin gaggawa. A lokacin Furoje ya daɗe da mutuwa, tsufa ya zubar masa da haƙora, yana kwance a bayan ɗakin Mariyama, Isa kuwa har ya fara riƙe hauya. Na amsa musu cewa sharuɗɗan sun yi kyau ƙwarai, ragon kuma yana nan inda ya kamata, duk mai son ganinsa ya nemi izinin matar gidan.

Shi ya sa in na ga ɗayanku ya sauka daga babur ya cika sirinji bai ce wa mai dabba komai ba, nake yi masa tsawa, kuna cewa tsoho ya cika surutu. Ni na yi sauran shekarun aikina ina soka wa shanun kowa allura a ƙasar nan, ban da garke ɗaya. Duk shekara in na je rugar Ardo sai ya tambaya mi ac ciki, in ɗaga kwalba in karanta, ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙo hannu. Bai daina kawo mini nono ba, bai daina raka ni mota ba. Shekarar ƙarshe idonsa ya yi rauni, hannunsa yana rawa, sai ya soka sau biyu sau uku kafin ya sami wuri, ya lanƙwasa mini allura huɗu, ga rana tana yi, ga ƙanƙara tana narkewa. Na ce masa ko in taya shi da 'yan waɗanda suka rage. Ya goge allurar a gefen rigarsa, bai ko ɗago ba.

"Riƙe hancin, Hamidu."

Na riƙe.